Darasi na Tara: Idan Agogo Ya Tsere Maka Tun Farkon Jarrabawa

Mai neman gurbin digiri na biyu ko na digirgir a Amurka da Kanada, da wasu jami'o'in Turai da Asiya, sau da yawa akan ce ya kawo sakamakon ɗaya daga cikin jarrabawa biyu. Ta farko ita ce GRE, wadda hukumar ETS da ke garin Princeton a Amurka take shiryawa, kuma fannoni da dama ne ke karɓar ta, tun daga injiniya har ilimin zamantakewa. Ta biyu GMAT ce, ta hukumar GMAC, wadda makarantun koyon harkar kasuwanci suka fi nema daga masu son yin MBA. A 'yan shekarun nan jami'o'i da yawa sun daina tilasta su, amma inda ake gasar neman tallafin karatu, har gobe maki mai kyau yana da tasiri.

Darussan baya sun yi bayanin abin da ake tambaya. Wannan kuwa a kan agogo yake, kuma a kan matsala guda: ka zauna, an buɗe maka tambayoyi, ka nutsa cikin ta farko da ta biyu da ta uku, kana ɗaga kai sai ka ga mintuna sun zube fiye da yadda ka tsara. Gwani da ɗan koyo duk abin yana samun su. Ya fi kama manya irinku, waɗanda suka bar aji shekara biyar ko goma, ga aiki ga iyali, lissafin yana nan a kai amma hannu ya yi sanyi. Minti biyar ko shida da suka salwanta a farko ba su cika kayar da mutum ba. Abin da ya yi bayan ya gano sun salwanta shi ke kayar da shi, ko ya fisshe shi.

Yadda aka yanka lokacin

An gajarta jarrabawar biyu duka a shekarar 2023. Saboda haka wanda ya gaji littafin shiri daga wurin yayansa ya fara duba shekarar bugawa kafin ya dogara da shi.

GRE, tun daga watan Satumba na 2023, awa ɗaya ce da minti 58, kuma babu hutu a tsakiya. Da rubutun insha'i ake buɗewa, minti 30. Daga nan sai sassa biyu na fahimtar Turanci, na farko tambaya 12 cikin minti 18, na biyu tambaya 15 cikin minti 23, da sassa biyu na lissafi, tambaya 12 cikin minti 21, sannan 15 cikin minti 26. Makin Turanci da na lissafi kowanne daga 130 ne zuwa 170. In ka raba, kowace tambayar Turanci tana da kimanin minti ɗaya da rabi, ta lissafi kuma minti ɗaya da sakan 45.

Sabuwar GMAT ta fara a watan Nuwamba na 2023, aka janye tsohuwar a ƙarshen Janairun 2024. Awa biyu ce da minti 15, sassa uku, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, Turanci tambaya 23, sai nazarin bayanai, wato karanta jadawali da zanen ƙididdiga a fitar da hukunci, tambaya 20. Jimillar maki daga 205 ne zuwa 805. Kai ne za ka zaɓi sashen da za ka fara da shi, kuma kana da hutun minti 10 sau ɗaya in kana so. A sashen lissafi, kowace tambaya rabonta minti 2 da sakan 9, kuma ba a ba da kalkuleta. Sai a sashen nazarin bayanai ake samun ta.

Wanda ya rubuta jarrabawar JAMB a Najeriya zai ce ai wannan wasa ne, tunda can tambaya 180 ake amsawa cikin awa biyu, sakan 40 ke nan kowace ɗaya. To amma tambayoyin ba iri ɗaya ba ne. Da yawa daga cikin na JAMB, ko ka sani ko ba ka sani ba, kallo ɗaya ya isa. Waɗannan kuwa an gina su ne don a sa ka tunani, kuma kusan kowace tana da amsar tarko da aka ajiye wa mai gaggawa. Akwai kuma wani bambanci da ya fi wannan muhimmanci. Al'adar da muka taso da ita, ta tsallake mai wuya a dawo mata daga baya, tana aiki a GRE, amma a GMAT kwamfuta ba za ta nuna maka tambaya ta gaba ba sai ka amsa wadda ke gabanka.

Abin da ke sa a fara da jan ƙafa

Tun kafin a zauna ake fara gajiyar da mutum. A cibiyar jarrabawa za a duba fasfo, a ɗauki hoto, a wurin GMAT har jijiyoyin tafin hannu na'ura ke dubawa, a sa ka zuba waya da agogo da walat a akwatin ajiya, sannan a miƙo maka abin rubutu na cibiyar. Masu GMAT allon roba ake ba su da alƙalamin maka, wanda in ba ka taɓa riƙe irinsa ba, rubutunka ma sai ya yi maka baƙo. Kana zama gaba na faɗuwa, ga sanyin na'ura, ga ƙarar madannai daga maƙwabta. Layin farko na tambayar farko sai ka karanta shi sau uku bai shiga ba. Wannan ba alamar rashin shiri ba ce. Ƙwaƙwalwar da ta wuni a kan mota da layi da fargaba ce aka ce ta koma lissafi nan take.

Dalili na biyu shi ne bin doguwar hanya. Ga misali, da Hausa, ko da yake da Turanci za ka same shi: ɗan kasuwa ya ƙara farashin kaya da kashi 20 cikin ɗari, daga baya ya rage kashi 20 cikin ɗari na sabon farashin, yaya farashin ƙarshe yake in an gwada da na asali? Wanda ya daɗe da barin aji yakan fara da cewa a ɗauki farashi a matsayin x, ya jera baka biyu, ya ninka, ya yi shakka, ya goge, ya sake. Minti huɗu sun tafi. Alhali da ya ce kayan naira 100 ne, ƙari ya kai shi 120, kashi 20 na 120 shi ne 24, saura 96, da cikin rabin minti ya ga farashi ya sauka da kashi 4. Ku lura kuma da amsar da aka ajiye wa mai sauri: "farashin bai canja ba". Tambaya guda ta tanadi rami biyu, ɗaya na mai nawa, ɗaya na mai garaje.

Dalili na uku ƙi-faɗi ne. Ka riga ka kashe minti uku a kan tambaya, sai zuciya ta ce ai bari ta yanzu asara ce, ƙara ɗaya kawai. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan. A 1985 Hal Arkes da Catherine Blumer suka wallafa wani gwaji da suka yi a Jami'ar Ohio, inda aka sayar wa mutane tikitin kallon wasan kwaikwayo na zango guda, wasu a cikakken farashi na dala 15, wasu da rangwame, ba tare da su suka zaɓa ba. A rabin farko na zangon, waɗanda suka biya cikakken kuɗi sun fi zuwa kallo. Wasannin ɗaya ne, kujerun ɗaya. Abin da mutum ya riga ya kashe ne ke jan sa. Haka minti ukun nan suke jan ka ka ƙara na huɗu da na biyar, alhali ko ka ci tambayar ko ka faɗi, ba za su dawo ba.

Ƙanzon kuregen tambayoyi goma na farko

Akwai wani dalili na huɗu da ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi da gangan ake yin sa, har ma koyar da shi ake yi.

Tun 1997 GMAT ta koma jarrabawar da kwamfuta ke daidaita wa mutum tambaya gwargwadon ƙoƙarinsa. Takan fara da mai matsakaicin wuya. In ka ci, galibi ta gaba za ta ɗan fi tsauri. In ka faɗi, ta ɗan sassauta. A ƙarshe ba yawan waɗanda ka ci kaɗai ake dubawa ba, har da nauyin tambayoyin da ka ci da waɗanda ka faɗi. Daga nan ne wata magana ta yaɗu a cibiyoyin koyar da shiri, cewa tambayoyi goma na farko su ne jarrabawar, a zuba musu duk lokacin da suke so, wai da su kwamfuta ke yanke maka matsayi, sauran cike gurbi ne.

Hukumar GMAC da kanta ta ƙaryata wannan a littafinta na shiri. Kwamfuta tana sake auna ka bayan kowace amsa har zuwa ta ƙarshe, kuma tambayoyin tsakiya da na ƙarshe ma suna shiga lissafin maki. Wanda ya faɗi biyu a farko yana da sauran dama mai yawa ta hawa. Wanda kuma ya yi wa agogo almubazzaranci ya ci goman farko, ya hau inda tambayoyi suka fi ƙarfinsa, ga shi babu lokaci a hannu, sai ya gangaro da gudu. Mafi muni shi ne ya bar wasu babu amsa, domin a GMAT akwai horo a kan tambayar da ba a kai gare ta ba. A tsofaffin bugun littafin hukumar an ba da misali cewa barin tambayoyin Turanci biyar ba amsa yana iya sauko da mutum daga matsayin wanda ya fi kashi 91 cikin ɗari na masu jarrabawa zuwa wanda ya fi kashi 77. Tsarin ya canja tun daga lokacin, amma horon yana nan.

Mutane na son cewa sannu ba ta hana zuwa. Su riƙa ƙarasa karin maganar dai: sai dai a daɗe ba a je ba. A ɗakin jarrabawa, in an daɗe, kwamfuta rufe shafi take yi.

Lissafin bashin

Lokacin da ya salwanta a farko bashi ne, kuma dole a biya shi kafin sashe ya ƙare. Abin da ya rage gare ka shi ne zaɓen da me za ka biya.

Mu ɗauki sashen lissafi na GMAT, domin rabonsa a fili yake: tambaya 21, minti 45. Bayan tambaya ta 7 ya kamata agogo ya nuna saura minti 30, bayan ta 14 saura 15. A ce wata ɗaliba ta gama ta 7, ta duba kusurwar allo ta ga saura minti 24. Ana bin ta minti 6, ga tambaya 14 a gabanta. Hanya uku ce a buɗe.

Tana iya kawar da kai ta ci gaba da tafiyarta ta minti 2 da sakan 9. Minti 24 za su kai ta tambaya ta 18, agogo ya tsaya, uku su rage babu amsa. Ta rasa ukun, ta sha horo, kuma wa ya sani ko a cikinsu akwai wadda ido rufe za ta ci.

Tana iya yin abin da yawancin mutane ke yi in hankali ya tashi, ta ce bari in yi sauri a kan duka. Minti 24 a raba wa 14, kowace ta samu minti ɗaya da sakan 43. Sakan 26 ke nan aka yanke daga kowace tambaya, kuma a ido ba su da yawa. Sai dai daga ina ake yanke su? Ba daga ninkawa da rabawa ba, don hannu ba ya ƙara gudu saboda an tsorata. Daga karanta tambaya ake yanke su, da kuma waiwayen ƙarshe da mutum ke yi ya tabbatar abin da aka tambaya shi ya amsa. Nan ne ake neman kuɗin da ya rage a ba da wanda aka kashe, a karanta "mafi ƙaranci" a amsa "mafi yawa". Mai wannan hanya yana iya faɗuwa biyar ko shida, yawancinsu waɗanda ya iya. A jarrabawa mai daidaita tambaya kuwa, faɗuwa a mai sauƙi ta fi faɗuwa a mai wuya ciwo, domin tana gaya wa kwamfuta cewa matsayinka ƙasa yake da inda yake a gaskiya.

Hanya ta uku ita nake ba da shawara. Ta yanke tun yanzu cewa cikin 14 ɗin nan akwai uku da ba za ta yi ba. In ta ga ɗaya, ta karanta, ta gane irin da ke ba ta wahala ce, ta zaɓi amsa, ta sa mata alama, ta wuce, duka cikin sakan 20. Uku sun ci minti ɗaya. Saura minti 23 ga tambaya 11, kowace minti 2 da sakan 5, kusan daidai da tafiyarta ta asali. Ku duba da kyau: uku ta rasa a hanyar farko, uku ta bayar a wannan. Amma a nan ita ta zaɓe su da kanta daga cikin waɗanda ko da lokaci ba lallai ta ci ba, babu horo, kuma da yake amsoshin biyar ne, kowace canka tana da damar ɗaya cikin biyar. In ta iya fitar da amsa biyu da ba su yiwuwa kafin ta canka, dama ta koma ɗaya cikin uku.

Kada ta zubar da uku na gaba a jere don bashi ya fita daga wuyanta da wuri. Yin haka jefar da tambaya ne ba tare da an duba ko mai sauƙi ce ba. Ta jira masu tsada su zo da kansu, za su zo. Kuma alamar nan da ta sa tana da amfani, domin sabuwar GMAT tana barin wanda ya kai ƙarshen sashe da sauran lokaci ya koma ya duba tambayoyinsa, ya canja amsa har uku. Wanda agogo ya tsaya masa a hanya ba ya ganin wannan shafi ko kaɗan.

Wace ce mai tsada? Wannan ba a ɗakin jarrabawa ake gano shi ba, a gida ne. Wani tambayoyin yiwuwar aukuwar abu da na jera abubuwa ne ke cinye masa minti huɗu kuma ya faɗi. Wani na aiki da gudu da tazara. Wani dogon labarin da sai an mai da shi lissafi. Ka shiga da sunayen naka biyu ko uku a kai. Ga kuma ma'auni na kowa: in minti ɗaya ya cika ba ka san ta inda za ka ɓullo wa tambaya ba, minti na biyu da na uku da wuya su nuna maka. In kuwa ka san hanya, aiki ne kawai ya rage, ƙarasa ko da ta kai minti uku.

Sauran sassan ma ka riƙe musu tashoshi. Turanci: bayan tambaya ta 8 saura kamar minti 29, bayan ta 16 saura 14, amma ka yi wa kanka uzuri in ka fito daga dogon nassi, tunda karatunsa ake biya a tambayar farko, na bayanta su zo da sauƙi. Nazarin bayanai: a tsakiya, bayan ta 10, saura minti 22 da rabi. A tashoshin nan kaɗai za ka duba agogo. Mai duba shi bayan kowace tambaya yana ƙara wa kansa fargaba ne, kuma duban ma lokaci yake ci.

GRE: wata doka daban

A GRE, tun gyaran 2011, sashe ne ake daidaitawa, ba tambaya ɗaiɗai ba. Ƙoƙarinka a sashen lissafi na farko shi ke nuna ko na biyun zai zo da tsauri ko da sauƙi, haka ma a Turanci, kuma ana la'akari da nauyin sashen da ka samu wajen fitar da maki. A cikin sashe guda kuwa kana da 'yanci: ka tsallake, ka sa alama, ka dawo, ka canja amsa sau nawa ka ga dama. Tambayoyin sashe duk darajarsu ɗaya, kuma ba a cire maki don an faɗi.

Wannan ya sa maganin jan ƙafa a GRE ya fi sauƙi, amma sakaci ya fi tsada, tunda sashen farko tambaya 12 ce kacal, kuma shi ke buɗe hanyar babban maki. Yi zagaye biyu. A na farko ka kwashe duk wadda ta ba da kai, wadda ta ƙi kuma ka zaɓa mata wata amsa, ka sa alama, ka wuce. Kada ka bar gurbi da niyyar za ka dawo, domin ba kullum ake dawowa ba. A zagaye na biyu ka koma wa masu alama, ka fara da wadda ta fi kusa da warwarewa. A sashen lissafi na farko, bayan tambaya ta 4 ya kamata a ce saura minti 14, bayan ta 8 saura 7. Wanda ya ɗan riga haka shi ke samun abin yin zagaye na biyu.

Garaje a nan ma yana da nasa tarkon. Akwai tambayoyin da ake ba ka adadi biyu a ce ka gwada su: na farko ya fi, ko na biyu ya fi, ko daidai suke, ko ba za a iya sani ba. A ce x sau x ya ba da 16, adadi na farko x, na biyu 3. Mai gudu zai ce x ai 4 ne, na farko ya fi. Ya manta cewa −4 ma in an ninka shi da kansa 16 yake bayarwa, kuma −4 bai kai 3 ba. Amsa ita ce ba za a iya sani ba. Sakan goma na tambayar kai "in lambar ta ƙasa da sifili ce fa, ko sifili, ko ɓangare?" su ne farkon abin da mai biyan bashi da sauri yake yarwa.

Game da canja amsa, akwai tsohuwar magana cewa abin da ya fara zo maka shi ne daidai. A wani bincike da aka wallafa a 2005, Justin Kruger da abokan aikinsa sun bi sawun gogewa a takardun jarrabawar ɗalibai a Jami'ar Illinois, suka tarar kimanin rabin canje-canjen daga kuskure ne zuwa daidai, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai daga daidai zuwa kuskure. In ka dawo ka ga dalili, canja. In fargaba ce kawai ba dalili, bar ta.

Sai insha'i, wanda shi ne ainihin farkon GRE. Jan ƙafa a nan shi ne zura wa farin shafi ido ana neman jimlar buɗewa mai armashi. Ba a ba da maki don ita. Ɗauki minti huɗu ko biyar ka tsayar da matsayinka da hujjoji biyu ko uku a takardar da aka ba ka, ka fara rubutu ko da daga tsakiya ne, gabatarwa ta biyo baya. Manhajar rubutun ba ta gyara kuskuren haruffa, don haka ka bar minti biyu na dubawa. Wanda da yatsa biyu yake buga madannai ya san cewa gyaran wannan makonni yake ɗauka, ya fara tun yau.

In gaba ya faɗi

Duk lissafin da ke sama mai hankali a kwance ne ke iya yin sa, shi kuwa wanda ya ga agogo ya tsere masa hankalinsa a tashe yake. Sian Beilock, wadda ta yi bincike mai yawa kan wannan a Jami'ar Chicago, ta nuna cewa damuwa tana cinye ɓangaren tunanin da mutum ke riƙe lambobi da matakai da shi yayin da yake aiki. Shi ya sa mai fargaba yake manta abin da ya ninka yanzun nan. Zuciyarsa ta tafi lissafin kuɗin rajista da ya biya da dala, da abin da zai ce wa mutanen gida.

Saboda haka sakan 15 da za ka ɗauke hannu daga linzamin kwamfuta, ka jingina, ka ja numfashi mai tsawo sau uku, ka yi addu'ar da ka saba, ba asara ba ce, ko da ana bin ka minti shida. Sannan ka rubuta lamba ɗaya a allonka: tambaya nawa zan bayar. Da zarar ka rubuta ta, abin ya tashi daga masifa ya koma tsari.

Bugun zuciyar ma ba lallai ne a yaƙe shi ba. A wani bincike da Jeremy Jamieson da abokansa suka wallafa a 2010, an tara ɗalibai masu shirin GRE a Jami'ar Harvard, aka gaya wa rabinsu cewa tashin hankalin da jiki ke yi lokacin jarrabawa yana iya taimaka wa ƙoƙari. Waɗanda aka gaya wa haka sun fi sauran maki a lissafi a gwajin ranar, kuma sun fi su a ainihin GRE da suka rubuta daga baya. Ɗaliban ba su da yawa, kuma ba a ga bambancin a sashen Turanci ba, don haka kada a ɗauke shi laya. Amma gaya wa kai cewa zufar nan shiri ne jiki ke yi, ba ya cin ko kwabo.

Wani abu kuma: kada ka tsaya karanta wa kwamfuta zuciya. Tambaya mai sauƙi ta fito a GMAT, sai mutum ya ce shi ke nan, na faɗi ta baya. Wataƙila fannin da ka ƙware ne, wasu kuwa kuka suke da ita. Haka in sashe ya ƙare da rauni, ya riga ya rufe, na gaba da cikakken lokacinsa yake zuwa. Mai GMAT yana iya ɗaukar hutunsa a nan ya wanke fuska, amma ya dawo kan kari, don abin da ya wuce minti 10 daga sashe na gaba ake cire shi.

Kafin ranar

Rabin maganin a gida ake haɗa shi. Umarnin kowane irin tambaya ka san shi tun kafin ka je, kada ka karanta shi agogo na tafiya. Da safen ranar, kafin ka shiga cibiya, yi tambayoyi huɗu ko biyar masu sauƙi waɗanda ka taɓa yi, ka karanta sakin layi biyu na Turanci mai nauyi, don kada tambayar farko ta jarrabawa ta zama ta farko a wuninka. Mai GMAT da ya san yana da nauyin tashi, a ganina gara ya buɗe da sashen da ƙafarsa ta fi tsayuwa a kai, ya bar mai wuya sai jiki ya yi ɗumi. Amma ya gwada jeri biyu ko uku a jarrabawar gwaji tukuna, don akwai wanda gajiyar ƙarshe ta fi yi masa illa. Hukumomin biyu suna ba da gwaji kyauta, ETS ta manhajar POWERPREP, GMAC ta shafin mba.com, kuma da agogo a kunne ake yin su, a zama ɗaya. Tun 2020 ana iya rubuta jarrabawar biyu daga gida, sai dai wanda wutarsa da intanet ɗinsa ba su da tabbas ya yi wa kansa adalci ya tafi cibiya. In kuma abin ya ƙi duk da haka, ana sake GRE bayan kwana 21, GMAT bayan kwana 16, kowace har sau biyar cikin wata 12.

Aikin gida

1. A sashen nazarin bayanai na GMAT, wani ya gama tambaya ta 10, agogo ya nuna saura minti 17. Minti nawa ake bin sa? In zai bayar da tambaya a sakan 20 kowace, lissafa lokacin da zai rage wa kowace ta sauran in ya bayar da biyu, da kuma in ya bayar da uku. Wanne za ka zaɓa, kuma me ya sa?

2. Ɗauki tambayoyin lissafi 21 da ba ka taɓa gani ba. Saita agogo a minti 39 maimakon 45, wato ka fara da bashin minti 6 da gangan. Ba a yarda ka tsallake ba, ba a yarda ka bar gurbi ba. Da ka gama, rubuta waɗanda ka bayar, sannan ka koma ka yi su ba tare da agogo ba, ka ga nawa ne cikinsu da ma za ka ci.

3. Daga gwajin da ka yi na baya-bayan nan, fitar da duk tambayar da ta ci maka fiye da minti uku. Rubuta irinta, da ko ka ci ko ka faɗi. Kawo takardar aji a zama na gaba, za mu haɗa ta da ta abokin zamanka.